Jinin dasashi mai zuwa da wata: kada kunya ta ci mana haƙora

Maganarmu ta yau a kan baki take, bakin mata musamman. Akwai matan da duk wata, in kwanakin al'adarsu sun matso, sai dasashinsu ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zafi. In sun sa asuwaki sai su ga jini. Bayan kwana kaɗan abin ya lafa. Wata mai zuwa ya sake dawowa. Da yawa cikinsu ba su taɓa lura cewa abubuwan nan biyu tare suke tafiya ba. Waɗanda suka lura kuwa, kunya ta hana su tambaya.

Ga ra'ayina a kan wannan. Ya kamata kowace mace ta san cewa jinin haila yana taɓa lafiyar dasashi. Ya kamata ta san cewa ranar da dasashi ya yi jini, ranar ce ya fi bukatar tsabta. Ya kamata kuma a faɗa mata wannan tun tana budurwa, kamar yadda ake koya mata wanka da sauran hukunce-hukuncen haila. Shirun da muke yi yana sa mata rasa haƙora tun ba su tsufa ba.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Bari mu fara da lissafi. Ana ƙirga watan mace daga ranar da ta fara ganin jini zuwa ranar da ta sake ganinsa. A wajen yawancin mata kwana 21 ne zuwa 35. Da yawa nasu kusan kwana 28 ne. Jinin kansa yakan yi kwana 3 zuwa 7.

Cikin waɗannan kwanaki jikin mace ba ya zama hali ɗaya. Akwai wasu sinadarai da jiki yake yi da kansa, yana zuba su cikin jini. Likitoci suna kiran biyu daga cikinsu estrojen da projesteron. Su ne ke shirya mahaifa don ɗaukar ciki. Kusan kwana 14 kafin haila ta zo, ƙwan haihuwa yana fita. Daga nan projesteron yana ƙaruwa. In ciki bai shiga ba, sai sinadaran su ragu, jini ya zo.

Jinin da ke ɗauke da waɗannan sinadarai ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba. Yana zagaya jiki duka. Shi ya sa wasu mata suke jin nono ya yi nauyi kafin haila, wasu ƙuraje su fito musu a fuska, wasu su ji ciwon kai. Dasashi ma nama ne mai ƙananan hanyoyin jini masu yawa. In sinadaran sun yi yawa, hanyoyin nan suna buɗewa, jini yana taruwa, naman yana yin taushi. Abin da zai taɓa shi jiya bai ji ba, yau sai ya kumbura.

A shekarar 2004 wasu likitocin haƙori a garin Haifa sun ba da sakamakon wani bincike. Sun duba bakin mata a lokuta 3 na wata: lokacin fitar ƙwai, gab da zuwan haila, da lokacin da jini yake zuba. Sun tarar da dauɗar haƙoran ba ta sake ba, amma kumburin dasashi ya fi yawa lokacin fitar ƙwai da kuma gab da haila. Ke nan abin da matanmu suke ji ba zato ba ne, ba kuma raki ba ne. An auna shi, an gan shi.

Wasu matan kuma ƙananan gyambuna ne suke fito musu a cikin leɓe ko a gefen harshe kafin haila. Suna da zafi in an ci yaji ko tsami. Irin waɗannan sukan warke da kansu cikin sati 1 zuwa 2.

Ruwan sama ba ya shuka haki

Duk manomi ya san wannan. In ruwa ya sauka, haki yana tsirowa a gona. Amma ruwan bai zo da irin hakin ba. Irin yana cikin ƙasa tun tuni, ruwa ya tayar da shi. Gonar da aka share da kyau, ko an yi ruwa mai yawa, aikin nomanta da sauƙi.

Haka haila take da dasashi. Tushen ciwon ita ce dauɗar da ke manne wa haƙori. Kowa yana iya ganinta. Ka sa farce ka kankari haƙorinka kusa da dasashi da safe, za ka ga wani abu fari-fari mai laushi. Wannan ba guntun tuwo kawai ba ne. Tarin ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Kullum suna taruwa, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. In an bar su, dasashi yana yin faɗa da su, shi ne kumburi da jini.

A shekarar 1965, a ƙasar Danmak, wani malamin likitancin haƙori mai suna Harald Löe ya yi gwaji tare da abokan aikinsa. Sun samu mutane masu lafiyayyen baki, suka ce su daina goge haƙora sam. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan sati 1 dasashin ya koma lafiya. Bayan shekara 2, a 1967, aka yi wani binciken a kan mata. Aka tarar da mace mai lafiyayyen dasashi, zagayowar wata ba ta cika dame shi ba. Wadda dasashinta yake da kumburi tun da fari, ita ce abin yake tsananta mata.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dauɗa ce take tsaga bangon. Wannan labari ne mai daɗi, domin babu macen da za ta hana watanta zagayowa, amma kowace mace tana iya kawar da dauɗa.

Inda ake yin asara

Wani zai ce: tun da jinin yana tsayawa da kansa bayan kwana kaɗan, ina abin damuwa? Abin damuwar yana cikin abin da ake yi a kwanakin nan.

Na farko, mace ta ga jini a kan asuwaki sai ta tsorata. Ta ce asuwakin ne ya ji mata ciwo. Sai ta ajiye shi har bakin ya huce. Cikin kwanakin da ta ajiye shi dauɗa tana ƙaruwa. Dauɗar da ta daɗe tana daskarewa, ta yi tauri kamar siminti a gindin haƙori. In ta kai haka, asuwaki ba ya fitar da ita, buroshi ma ba ya fitar da ita, sai ma'aikacin haƙori ya sa ƙarfe ya kankare. A kan wannan tauri sabuwar dauɗa take samun wurin zama. Wata mai zuwa kumburin ya fi na baya.

Na biyu ya shafi alwala. Musulma tana kurkure baki a kowace alwala, kuma da yawa sun haɗa asuwakinsu da lokutan salla. In kwanakin fashin salla sun zo, alwala ta tsaya. A wajen wasu, kurkure baki da asuwaki ma sai su tsaya tare da ita, ba da niyya ba. Dubi yadda abin ya haɗu. Dasashi ya kumbura kafin haila. Sai kuma ga kwana 5 ko 7 da baki bai samu tsabtar da ya saba samu ba. An ɗauke wa mai haila salla, amma ba a hana ta kurkure baki ba, ba a hana ta asuwaki ba.

Na uku, ado yana rufe alama. Mai cin goro da fure, bakinta ja ne kullum. Ba za ta gane jan ado da jan ciwo ba, ba za ta ga ɗan jinin da ya fita ba. Mai sa garin taba da kanwa a baki kuwa, ita tana ƙona naman ne a hankali. Taba, ta sha ko ta tauna, tana cikin manyan abubuwan da ke lalata dasashi.

Na huɗu, maganin kan tebur. Mace tana ciwon mara, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo ƙwaya wajen mai talla. Sau da yawa ba ta san sunan abin da ta haɗiya ba. In asfirin ne, yana hana jini saurin daskarewa. Yana iya ƙara zubar jinin haila, ya ƙara na dasashi. Wasu har suna ɗora ƙwayar a kan dasashin da ke ciwo, ita kuwa ƙona wurin take yi. A tambayi ma'aikacin lafiya maganin da ya dace.

In aka yi shekaru a haka, ciwon yana sauka ƙasa. Dasashi yana janyewa daga jikin haƙori, rami yana buɗewa tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe da haƙori yana zaizayewa kamar bakin gulbi da damina. Baki ya riƙa wari. Haƙori ya fara girgiɗi, ba tsutsa, ba rami a jikinsa, sai wata rana ya fita. Kumburin farko yana warkewa sarai in an yi tsabta. Ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya komawa yadda yake. Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma wanda ya fita ba ya sake tsirowa.

Wannan ciwo ba na ƙasarmu kaɗai ba ne. A rahoton da hukumar lafiya ta duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar a 2022, ta ce kusan mutum 19 cikin manya 100 suna da ciwon dasashi mai tsanani. Sun fi miliyar 1, wato miliyan 1000.

Daga budurci zuwa tsufa

Haila ba ita kaɗai ce lokacin da sinadaran nan suke motsi ba. Lokacin balaga, dasashin yara, mata da maza, yakan kumbura da sauƙi. Lokacin ciki abin ya fi ƙarfi. Kumburin yakan fara wajen wata na 2, ya yi ta ƙaruwa har wajen wata na 8, ya ragu bayan haihuwa. Wata mai cikin har wani ɗan tsiro ja yake fito mata a dasashi, mai saurin jini. Bayan haila ta ɗauke gaba ɗaya kuma, wasu mata suna fama da bushewar baki, miyau ya ragu, alhali miyau yana cikin masu tsaron haƙori.

Ana jin iyayenmu mata suna cewa haihuwa ce ta cinye musu haƙora. Jariri ba ya tsotsar komai daga haƙorin uwarsa. Abin da ke faruwa shi ne ciki ya tarar da dasashi mai dauɗa, ya tsananta kumburin. Sai goyo ya biyo baya, uwa ba ta da lokacin kanta. Kafin ta farfaɗo wani cikin ya shiga. A ƙasa irin tamu, inda mace takan haihu sau da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da ta koyi kula da dasashinta a watannin budurci, ita ce za ta shiga ciki na fari da lafiyayyen baki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da kowace mace za ta iya yi a gida

1. Ki yi lissafi. Ki samu kaye da bik, ko kalandar da ke rataye a ɗaki. Ranar da kika ga haila ki yi alama. Ranar da dasashi ya yi jini ko zafi ki yi wata alama daban. Ki yi haka wata 3. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin ga jinin dasashi yana zuwa kafin haila yana tafiya bayanta, kin san kwanakin da za ki ƙara kula.

2. Ki duba bakinki a madubi da hasken rana, kafin ki ci goro ko fure. Lafiyayyen dasashi yana da ƙarfi, yana manne da haƙori. A wajen baƙar fata yakan zama da duhu ko dabbare-dabbare, wannan halitta ce. Mai ciwo yana kumbura, yana sheƙi, yana jini in an taɓa.

3. Ki goge haƙora sau 2 kowace rana, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa cikin barci. Ki ɗauki kamar minti 2. Ki bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, har na can ƙurya. Wurin da haƙori ya haɗu da dasashi, nan ne maɓoyar dauɗa.

4. In asuwaki ne, na bedi, wato dogon yaro, ko na wani iccen da aka saba, a tauna bakinsa sai ya yi laushi kamar gashi. A riƙa yanke tsohon bakin ana sabuntawa. Asuwakin da aka yi da kyau yana fitar da dauɗa sosai. Wanda aka maƙale a baki ana yawo da shi, haƙoran gaba kaɗai yake gani. In buroshi ne, a zaɓi mai laushi, a sa man goge haƙori. In gashinsa ya baje a sake wani. Kowa da nasa, ba a aro.

5. In kin ga jini kada ki daina. Ki sassauta hannu, ki ci gaba. In dauɗa ce ta kawo shi, cikin sati 1 zuwa 2 za ki ga ya ragu.

6. In bakin yana zafi, ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi mai tsabta. Ki kurkure ki zubar. Yana rage raɗaɗi, amma ba ya maye gurbin gogewa.

7. A bar dirza dasashi da toka ko gawayi ko kanwa ko yashi. A bar sakace da allura ko tsinken tsintsiya. Suna yanka naman da ya riga ya yi taushi.

8. A ci abin da ke gina dasashi. Yana bukatar bitamin C, kuma muna da shi a garkunanmu da dazuzzukanmu: lemun tsami, gwaiba, mangwaro, ɗanyen tumatir, shu, da garin ƴaƴan kuka. Mace tana zubar da jini duk wata, don haka tana bukatar abincin da ke ƙara jini: wake, ganyen zogale, hanta, nama da kifi in an samu. Mai garka ya tuna da gidansa kafin ya kai kaya duka kasuwa. A rage sukari cikin shayi da fura da kunu.

Lokacin da za a tafi likita

Ba kowane jinin dasashi ne za a jingina wa haila ba. Wannan ma yana cikin sanin da nake kira a ba mata. A tafi gidan likita, ba tare da jinkiri ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jinin bai tsaya ba bayan sati 2 ana gogewa da kyau, ko yana zuwa kowane lokaci ba ruwansa da wata.

Dasashi yana jini da kansa ba a taɓa shi ba, ko ana tashi da jini a kan matashi.

Mugunya tana fita, ko haƙori yana girgiɗi, ko kunci ya kumbura da zazzaɓi.

Gyambo a baki ya wuce sati 2 bai warke ba.

Jinin haila yana da yawa ƙwarai ko yana wuce kwana 7, ga haɓo, ga jinin dasashi, ga rauni ba ya saurin tsayar da jini. Wannan yana iya nuna cewa jinin ne kansa ba ya daskarewa yadda ya kamata. Dole a gaya wa likita tun kafin haihuwa ko cire haƙori.

Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama tare da ciwon dasashi. Ciwon sukari da ciwon dasashi suna ƙarfafa juna, sai a nemi awon jini.

Mai ciki kuma, in ta je awo, ta buɗe baki ta nuna wa ungozomar likita. Wanke haƙora a wajen ma'aikacin haƙori ba ya cutar da ciki. In za ki je, ki tafi da kayenki na lissafi. Zai taimaki mai duba ki fiye da dogon bayani.

Masu ja da wannan magana

Na san akwai masu cewa: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga mata suna mutuwa wajen haihuwa, sai a tsaya maganar dasashi? Gaskiya ne waɗancan sun fi gaggawa. Amma su suna bukatar magunguna da motoci da kuɗi masu yawa. Wannan kuwa icce ne da ruwa da sani. Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasarmu, kuma sun fi yawa a manyan garuruwa kamar Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa. Matar da ke ƙauye a yankin Dakoro ko Tanut ko Keita, kafin ta kai gare su sai an biya mota, an bar aiki, an nemi masauki. Sau da yawa in ta isa, abin da ya rage shi ne a cire haƙorin. Inda magani yake da nisa, nan ne rigakafi ya fi daraja. Kuma macen da haƙoranta suke girgiɗi ba ta iya tauna nama ko gyaɗa ko rogo. Sai ta koma kunu da fura, ƙarfinta ya ragu, ga aikin gida ga goyo.

Akwai kuma ribar da za ta kai ga yara. Uwar da ta saba duba dasashinta za ta duba na ɗanta. A ƙasarmu akwai mugun ciwon nan da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma ba abin da ya haɗa su. Yana kama yara masu tamowa, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6. Daga kumburin dasashi da jini da warin baki yake farawa, cikin kwanaki kaɗan ya ci kunci da leɓe. In an gane shi da wuri, magani yana tsayar da shi. A 1992 ƙungiyar Sentinelles ta fara aikin kula da masu wannan ciwo a Damagaram. A watan Disamba na 2023 OMS ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Idon uwa shi ne likitan farko na wannan ciwo.

Wasu kuma za su ce maganar haila ba ta fili ba ce, balle a ji ta daga bakin namiji. Kunya ado ce, ba na kira a yar da ita. Amma malamanmu suna karantar da hukuncin haila a zaure da makarantun islamiyya, maza da mata suna koyo, ba wanda ya ce an yi rashin kunya. Abin da aka iya faɗa don gyaran ibada, ana iya faɗarsa don gyaran lafiya, da lafazi mai kyau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai masu cewa kakanninmu ba su san wannan ba, kuma sun rayu. Sun rayu, Allah ya saka musu da alheri. Amma mu dubi tsofaffin matan gidajenmu, mu ƙirga nawa ne suke iya cin tsire ko su ɓantari goro ba a daka musu ba. Mun ɗauka giɓi dole ne ga tsufa. Tsufa kaɗai ba ya zubar da haƙori.

Wa zai faɗa?

A al'adarmu uwa takan ji nauyin ƴarta, balle ta fari. Saboda haka nauyin yana kan kaka da gwaggo da inna da yaya. Ranar da kike koya wa yarinya yadda za ta tsabtace jikinta in ta ga jini, ki ƙara mata kalma ɗaya: in dasashinki ya kumbura a kwanakin nan, kada ki ji tsoro, kada ki ajiye asuwaki. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Ma'aikatan lafiya na CSI da na ƙananan gidajen likita na ƙauye, muna roƙonku. Mata suna zuwa muku awo da rigakafin yara da tsarin iyali. Ana auna nauyi, ana auna jini, ana duba ido. A ƙara duba dasashi. Minti 1 ya isa. Matar da ba za ta fara maganar da kanta ba, in an tambaye ta za ta amsa.

Malamai mata na ajin karatun manya da na lakwal, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na adashi, ku sa wannan cikin hirarku. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Ranar 28 ga Mayu kuma, tun daga 2014, an keɓe ta don tsabtar haila. Masu shirya ta farko ba su cika ambaton haila ba, masu shirya ta biyu ba su cika ambaton baki ba. A haɗa maganar wuri ɗaya, tun da a jiki ɗaya take. Gidajen rediyon karkara ma suna da shirye-shiryen mata, su ba ta fili.

Mu kuma maza, namu aikin a bayyane yake. Maigidan da yake samun kuɗin goro da taba da shayi kullum, ba zai rasa na buroshi da man goge haƙori ba. In maiɗakinka ta ce bakinta yana ciwo, kada ka ce ta yi haƙuri zai wuce. In ta nemi zuwa likita, ka ba ta izini da kuɗin mota. In ka ji bakinta ya sake, ka faɗa mata cikin mutunci, ku nemi magani tare. Kai ma ka duba naka, domin dauɗar haƙori ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba.

Ƴar uwa, ke da kika karanta wannan da kanki, ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya ba tukuna. Ki fara lissafinki daga watan nan. Yau da dare, kafin ki kwanta, ki ɗauki asuwakinki.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da iyalanmu. Amin.